Yadda Zaka Kulle Bakap Ɗinka A Kilawud Ta Yadda Ko Kai Kanka Baka Isa Ka Goge Shi Ba

Akwai wani ofis da na taɓa yi wa aikin kwamfuta, mutanen nan wallahi basa wasa da bakap, wato ajiye kwafin bayanai dan ko-ta-kwana, kullum ƙarfe goma sha biyun dare injin zai tashi ya kwashe komai ya zuba a wani akwatin ajiya dake gefe a ɗakin saba, wato babbar kwamfutar dake riƙe bayanan ofis. Ranar da masu kutse suka shigo musu ba fayilolin aiki suka fara taɓawa ba, akwatin nan suka fara nufa, dan kalmar sirrin admin guda ɗaya ce ke buɗe ko'ina, suka share shi tas, sannan a tsanake suka dawo suka murɗe fayilolin sauran kwamfutocin yadda basa buɗuwa suka ajiye takardar neman kuɗin fansa. Da safe aka kirani, na duba na sake dubawa, babu abinda zan dawo dashi. Bakap ɗin da aka shekara ana yi ya tafi cikin mintuna.

Kuma kar kace ai da a kilawud, wato ajiyar wani kamfani ta intanet, suka ajiye da sun tsira. A watan Yunin 2014 wani kamfani mai suna Code Spaces, wanda ke ajiye wa masu rubuta manhaja aikinsu, wani ya samu shiga akawun ɗinsu na Amazon, ya nemi kuɗi, da suka yi ƙoƙarin ƙwace akawun ɗin sai ya bi ya goge bayanai da bakap ɗin duka, tunda komai a ƙarƙashin akawun ɗaya yake. Kamfanin rufewa yayi. Toh kaga matsalar ba wajen ajiyar bane, matsalar itace duk hannun da ya iya ajiyewa ya iya gogewa.

Maganin wannan shine ajiyar da ba'a iya canzawa. Ka ɗora fayil, ka sa masa wa'adi, misali kwana 30, toh daga nan har wa'adin ya cika babu mai goge shi babu mai rubuta wani abu a kansa, karantawa kawai za'a iya. Masu harkar suna ce masa WORM, wato rubuta sau ɗaya karanta sau nawa kake so. Ba sabon abu bane, hukumar dake kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta daɗe da dokar da ta shafi ajiye takardun dillalai a irin wannan yanayin, a da faya-faya ake amfani dasu waɗanda in ka ƙona bayani a kai ya zauna kenan. Amazon suka kawo shi cikin S3, ajiyar fayilolinsu ta kilawud, a ƙarshen 2018 da sunan Object Lock, yanzu kuma Backblaze B2 da Wasabi duk suna dashi da wannan sunan, Google Cloud Storage suna da Bucket Lock, Microsoft ma suna da nasu a Azure Blob. Zan bi da kai ta hanyar S3 saboda yawancin manhajojin bakap yarensa suke ji, in ka gane shi sauran sauƙi ne.

Abu ɗaya kafin mu fara. Google Drive da OneDrive da Dropbox da ka saka a kwamfuta suna daidaita folda, wannan ba shi nake nufi ba. In ƙwayar cuta ta murɗe fayil a kwamfutarka, murɗaɗɗen ne zai hau sama. Eh suna riƙe tsofaffin kwafi na ɗan lokaci, kuma hakan ya ceci mutane da yawa, amma wanda ya shiga akawun ɗinka yana iya share kwandon shara ma.

Mataki na farko: zauna da biro da takarda

Kar ka buɗe burauza tukuna. Rubuta abinda in ya ɓace gobe aikinka zai tsaya, rumbun bayanan kwastomomi, takardun lissafi, hotunan aiki, saitin saba, duk abinda ba zaka iya sake samu a wani waje ba. Abinda zaka iya sake saukewa daga intanet bashi da gurbi anan, dan duk abinda ka kulle sai ka biya kuɗin zamansa har wa'adi ya ƙare ko kana so ko baka so. Sai ka auna girmansu, sannan ka lura da nawa ke canzawa a kullum.

Ga dalilin da yasa lissafin nan ke da muhimmanci. Ace kana da 200GB, kullum kamar 5GB ke canzawa, wa'adinka kwana 30. In manhajarka canjin kawai take ɗorawa, zaka tashi da wajen 350GB. In kuma kullum cikakken kwafi take turawa, 200 sau 30 kenan, 6,000GB, kusan 6TB, kuma baka da ikon rage ko ɗaya. Mutane da yawa anan suke ƙonewa, sai bil ya zo su fara zagin kamfani alhali su suka ɗaure kansu.

Mataki na biyu: akawun daban, ba wanda kake aiki dashi ba

Wannan shine darasin Code Spaces. Buɗe sabon akawun wanda bakap kaɗai ne aikinsa, da imel ɗin da ba'a amfani dashi a ko'ina, imel ɗin ma kar ya zama yana kan sabar ofis ɗin da kake ƙoƙarin karewa, dan in suka kama imel sun kama hanyar canza kalmar sirri. Kunna tantancewa mai mataki biyu tun a ranar farko, in da hali da ɗan makullin nan na USB irin YubiKey, in babu toh manhajar dake bada lamba a waya, saƙon tes shine zaɓi na ƙarshe. Kar ka haɗa akawun ɗin da tsarin shiga na ofis, kar ka bari burauza ta riƙe kalmar sirrin.

Ni a ganina ma gara kamfanin ya zama daban da wanda aikinka na kullum yake kai. A watan Mayun 2024 wani kuskuren saiti a Google Cloud ya share muhallin wani babban asusun fansho na Ostireliya mai suna UniSuper, ba ɗan kutse ba ne ba komai ba, kuskure ne daga ɓangaren mai bada ajiyar, kuma cikin abinda ya taimaka musu suka farfaɗo akwai bakap da suke dashi a wajen wani kamfanin. Haka gobarar da ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin kilawud na OVH a Strasbourg ta Faransa a watan Maris 2021, waɗanda bakap ɗinsu ke waje ɗaya da sabarsu sun ji jiki. Kulle baya hana wuta ci.

Mataki na uku: ƙirƙiri bokiti ka kunna kullen

A S3 wajen da ake zuba fayiloli sunansa bokiti, da gaske haka suke kiransa. Wajen ƙirƙira zaɓi yankin da ba shi ne sabarka take ba, bar toshe shigar jama'a a kunne yadda ya zo, kar ka taɓa shi. Can ƙasa cikin ƙarin saiti zaka ga Object Lock, kunna. Zai gaya maka dole sai da Versioning, wato tsarin da ke riƙe kowace siga ta fayil maimakon sabo ya danne tsoho, kuma da zarar ka kunna kullen ba zaka iya kashe shi ba, ba zaka iya dakatar da riƙe sigogin ba. A da sai a lokacin ƙirƙira kaɗai ake kunnawa, daga Nuwamban 2023 Amazon sun bari a kunna wa tsohon bokiti, amma ni dai shawarata sabo fil, kar ka gauraya da tarkacen baya.

Kunna kullen kawai bai kulle komai ba fa, ƙofa ce aka saka wa kwaɗo amma ba'a datse ba. Sai ka sa wa'adi, ko dai a kan bokitin gaba ɗaya ta yadda duk abinda ya shigo zai ɗauka, ko kuma manhajar bakap ta riƙa saka wa kowane fayil da kanta. Wanne zakayi ya danganta da manhajar, zamu zo wajen.

Mataki na huɗu: Governance ko Compliance

Nan ne wajen da nake so ka nutsu. Kulle iri biyu ne. Governance yana hana kowa gogewa sai wanda aka ba wani izini na musamman mai suna s3:BypassGovernanceRetention, shi wannan yana iya cire kullen ko ya rage wa'adi. Compliance kuwa babu wannan zancen, babu admin, babu mai akawun, ko asalin mai akawun ɗin da ake kira root bai isa ba, wa'adi ana iya ƙara shi amma ba'a rage shi, hanya ɗaya tak da fayil zai tafi kafin lokacinsa itace a rufe akawun ɗin ɗungurungum.

Da jin haka kowa sai yace Compliance nake so. Nima haka nace, na je gwaji a wani bokiti, wajen zaɓar kwanaki hannuna ya faɗa kan shekaru ban lura ba, na tura fayilolin gwaji. Allah Ya taimakeni ƙanana ne, amma suna nan zaune ina kallonsu suna kallona, kuma duk wata ana lissafa min su. Da ace bakap ɗin saba guda na tura fa?

Dan haka fara da Governance, wa'adi gajere, kwana ɗaya ko biyu, kayi duk gwaje-gwajenka, ka ga yadda girman ajiyar ke tafiya na sati biyu ko uku. In komai ya zauna sai ka koma Compliance da ainihin wa'adin. Wasu suna zama a Governance har abada, ba laifi bane in dai izinin tsallakewar nan yana hannun mutum ɗaya ko biyu da basa shiga akawun ɗin sai da dalili, amma ka sani duk ranar da aka sace shigar wannan mutumin kullenka ya zama ado. A Azure ma haka tsarin yake da wasu sunaye, dokar wa'adi tana farawa a buɗe kana iya gyarawa, sai ka gamsu ka datse ta. A Google kuma in ka datse dokar bokiti shikenan babu komawa.

Wa'adin kwana nawa? Ka tuna masu kutse basa shigowa yau su fasa yau, sukan zauna shiru suna leƙe-leƙe na kwanaki ko makonni, wani lokacin kuma kai ne ba zaka lura wani fayil ya lalace ba sai ƙarshen wata da akazo rufe lissafi. Kwana 7 yayi kaɗan a wajena. Kwana 30 shine ƙasan abinda nake sakawa, in aljihu zai ɗauka 60 ko 90 yafi kwanciyar hankali. In doka ce ta wajabta maka riƙe wasu takardu na shekaru, waɗannan ka ware musu bokitinsu daban, kar ka ɗaure bakap ɗin kullum da wa'adin shekara bakwai.

Akwai kuma Legal hold, riƙon da bashi da ranar ƙarewa, ana ɗora shi in shari'a ko bincike ya taso sai an cire da hannu. Ba kayan yau da kullum bane, ka dai san dashi.

Mataki na biyar: makullin da zai iya zubawa amma bai iya kwashewa

Manhajar bakap zata buƙaci makullin shiga, lambobi biyu ne, ɗaya kamar suna ɗaya kamar kalmar sirri. Kar ka kuskura ka bata na root. Ƙirƙiri mai amfani na musamman, ka ɗaure shi a kan wannan bokitin kaɗai, ka bashi izinin ɗorawa da karantawa da ganin jerin abinda ke ciki. Ka hana shi izinin tsallake Governance, ka hana shi canza saitin kullen bokitin, ka hana shi taɓa dokokin share tsofaffin fayiloli, in manhajarka bata buƙata ka hana shi s3:DeleteObjectVersion ma. Ka ɗauka a ranka cewa wannan makullin za'a sace shi wata rana, tunda a kan injin da ake kai wa hari yake zaune, tambayar itace in an sace me ɓarawon zai iya yi dashi.

Wani abu da ba kowa ke tunawa ba, in makullin yana da izinin saka wa'adi, mugu yana iya amfani dashi ta ɗaya gefen, ya tura maka tarin shara ya kulle ta na shekaru kana biya. A S3 akwai sharaɗin da zaka saka a dokar bokiti mai suna s3:object-lock-remaining-retention-days wanda ke iyakance yawan kwanakin da za'a iya sakawa. Saka shi, ka bar ɗan sarari sama da wa'adinka. Ka kuma saita ƙararrawar kashe kuɗi ta turo maka saƙo in bil ya haura abinda ka saba.

Mataki na shida: manhajar bakap, inda yawancin mutane ke faɗawa rami

Ba kowace manhaja ce ta san zaman bokiti mai kulle ba. Matsalar ga yadda take. Wa'adi yana fara ƙirgawa ne daga ranar da fayil ya shiga, ba daga yau ba. Ace ka tura cikakken bakap ranar 1 ga wata da kullen kwana 30, kullum kuma kana tura ƙananan canje-canje da suka dogara a kan wancan na farkon. Ranar da kwana 31 ta cika babban ya fita daga kulle, ƙananan na jiya da shekaranjiya suna kulle gam, amma me zasu amfana maka in an share gindin da suke tsaye a kai? Reshe ne babu kututture. Kai kana ganin alamar kwaɗo kana jin daɗi, alhali abinda yafi komai muhimmanci a buɗe yake.

Manhajojin da suka san aikin suna magance wannan ta hanyar ƙara wa tsofaffin guntayen wa'adi muddin akwai sabon bakap da ke buƙatarsu. Veeam yana yi, har ma yana ƙara wasu kwanaki a kan wanda ka saka dan ya rage yawan zirga-zirgar sabunta kulle, shi yasa zaka ga ajiyar ta ɗan fi lissafinka, ba kuskure bane. Shi Veeam so yake ka kunna kullen a bokiti amma kar ka saka wa'adin bokiti na gaba ɗaya, shi zai riƙa sakawa, in ka saka masa kun shiga rigima. Kopia, wanda kyauta ne, shima yana iya aiki da kullen kuma yana da saitin tsawaita wa'adi lokacin da yake gyaran rumbunsa, sai dai sai ka kunna da kanka. Duk wacce zaka ɗauka, buɗe littafin bayaninta ka nemo shafin Object Lock ka karanta shi daga sama har ƙasa kafin ka tura komai, dan izinin da kowacce ke nema ya bambanta.

In kuma kai mai sauƙi ne, da ƙaramar manhajar rclone kawai kake so ka kwafe folda, zai yi, amma da sharaɗi. Yi amfani da copy ba sync ba, dan sync yana goge abinda ya ɓace a gida. Sannan ka sani fayil ɗin da ka tura bara bai canza ba, kullensa ya ƙare tuntuni, abinda ke tsare shi yanzu kawai shine makullin bashi da izinin share siga. Hanyar da nafi yarda da ita ga mai irin wannan tsarin itace duk sati ko duk wata ka dunƙule komai cikin cikakken kunshi guda mai kwanan wata a sunansa ka tura, kowane kunshi yana tsaye da ƙafarsa, baya jiran kowa. Yafi cin waje amma babu ruɗani.

Ga rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL kar ka kwafi fayilolinsa yana cikin aiki, fitar da kwafi da kayan aikinsa kamar mysqldump ko pg_dump sannan ka tura abinda ya fito.

Mataki na bakwai: rufe bayanan kafin su bar gida

Kulle yana hana gogewa, baya hana karantawa. Wanda ya saci makullin nan zai iya sauke komai ya yi maka barazanar watsawa, kuma haka masu neman fansa suke yi yanzu. Dan haka kunna rufe bayanai, wato murɗe su yadda sai mai kalmar sirri ke iya karantawa, a cikin manhajar bakap ɗin tun kafin su hau, da doguwar kalmar sirri. Toh amma nan ma akwai wuƙa mai baki biyu, in ka ɓatar da kalmar nan kana da bakap kulle lafiya lau wanda babu mai iya buɗewa har kai. Rubuta ta a takarda, kwafi biyu, wurare biyu daban, ba a cikin kwamfutar da ake bakap ɗinta ba. Na sha ganin wanda ya ajiye kalmar sirrin bakap a fayil cikin sabar da ta mutu.

In kuma da makullin KMS, wato ma'ajiyar makullan rufe bayanai ta Amazon, kake rufewa, ka tsare shi kamar yadda ka tsare bokitin, dan Object Lock bai hana a share makullin ba, in ya tafi fayilolin sun zama duwatsu. Amazon suna jinkirta share irin wannan makullin tsakanin kwana 7 zuwa 30, saka mafi tsawo, ka kuma sa a sanar da kai in wani ya nema.

Mataki na takwas: gwada gogewa da hannunka

Kar ka yarda da alamar kore a allo. Tura fayil ɗin gwaji, ka goge shi. Zaka ga ya ɓace, kar gabanka ya faɗi, abinda ya faru shine an ɗora masa alamar gogewa a sama, ainihin fayil ɗin yana ƙasa. Kunna Show versions zaka ganshi. Yanzu gwada share ita sigar kanta, nan ne ya kamata a ce maka an hana. In an hana, madalla. Sake tura wani fayil da suna iri ɗaya, ka tabbatar tsohon yana nan a matsayin tsohuwar siga.

Sai dai kula, in a Governance kake kuma ka shiga shafin Amazon a matsayin admin mai cikakken iko, shafin da kansa yake haɗawa da umarnin tsallake kullen, sai kaga fayil ya gogu kace abin baya aiki. Yana aiki, kai ne ka zo da babban makulli. Gwajin gaskiya da makullin manhajar bakap ake yinsa, tunda shi ɓarawo zai samu.

Mataki na tara: share abinda wa'adinsa ya ƙare

Wa'adi in ya cika fayil baya tafiya da kansa, kullen ne kawai ke sauka. In manhajarka ce ke kula da rumbun, bar mata sharar, kar ka saka wata doka ta bayan fage da zata cire guntun da take buƙata. In kai ne ke turawa da hannu, saka dokar Lifecycle da zata share tsofaffin sigogi bayan wasu kwanaki sama da wa'adin, ita dokar bata iya taɓa abinda ke kulle dan haka ba abin tsoro. Ka lura kuma da mafi ƙarancin zama da wasu ajiyoyin ke cajin mutum, Glacier Deep Archive, ajin ajiyar dogon zango na S3, yana da araha sosai amma kwana 180 ake lissafa maka ko ka cire da wuri, kuma fito da abu daga cikinsa yana ɗaukar awanni, wajen 12 a tsarin da aka saba. Ba wajen ajiye bakap ɗin da zaka nema da gaggawa bane. Wasabi ma suna da nasu mafi ƙarancin kwanakin, duba kafin ka sa wa'adin da ya gaza shi.

Mataki na goma: dawo da bayanan, da gaske

A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniya a GitLab, kamfanin dake ajiye wa masu rubuta manhaja aikinsu, ya share rumbun bayanai bisa kuskure, da aka juya wajen bakap sai aka tarar hanyoyin da suka tanada kusan duk basa aiki yadda aka zata, wani kwafi da aka ɗauka awanni shida kafin nan ne ya cece su, abinda ke tsakani ya tafi. Kamfanin masana kenan fa. Kulle bai san ko abinda ka bashi lafiyayye bane, in shara ka tura zai tsare maka sharar da amana.

Dan haka samo wata kwamfuta da bata taɓa ganin tsarinka ba, ka ɗauka ofis ya ƙone, abinda ke hannunka takardar nan ce kawai. Saka manhajar, shiga bokitin, buɗe rumbun, dawo da folda guda da rumbun bayanai guda, ka buɗe su ka gani da idonka. Riƙe agogo kana yi. In 350GB ne kuma layinka 50Mbps ne, lissafi zai baka sama da awa 15 in layin bai yi tangarɗa ba, toh ka tambayi kanka ko aikin zai iya jiran haka. In ba zai iya ba, kana buƙatar kwafi na kusa a gida dan saurin dawowa, na kilawud ya zama na ranar da komai ya ƙwace. Wannan shine tsarin 3-2-1 da ake ta faɗa, kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a nesa, wasu suka ƙara da cewa ɗaya ya zama mai kulle ko wanda baya haɗe da komai. Ka duba kuɗin saukewa ma, wasu kamfanonin suna caji a kan duk gigabait da ya fita, wasu suna yafe wani kaso, gara ka sani yau da ka sani ranar da hankalinka ke tashe.

Maimaita gwajin nan duk wata uku, da kuma duk lokacin da ka canza manhaja ko saba. Sa manhajar ta riƙa turo saƙo in bakap ya yi nasara, ba sai in ya faɗi kaɗai ba, dan injin da ya mutu gaba ɗaya baya turo saƙon faɗuwa, shirun ne zai gaya maka.

Saura abu ɗaya da ke kashe bakap mai kulle cikin ruwan sanyi, katin biya. In katin ya ƙare aiki, saƙonnin gargaɗi suna tafiya imel ɗin nan da babu mai buɗewa, a dakatar da akawun, daga baya a rufe, Compliance ɗinka bai hana wannan ba. Saka imel na biyu na harkar bil wanda mutum mai rai ke dubawa, rubuta ranar ƙarewar katin a kalanda, sannan a takardar nan da ka ajiye kalmar sirri ka ƙara sunan kamfanin, sunan bokiti, yankin da yake, sunan manhajar da sigarta, da lambobin ko-ta-kwana na tantancewa mai mataki biyu, ka nuna wa mutum ɗaya da ka yarda dashi inda take.